KIƊAN SHARE FAGE DA MURYOYIN ƘASAR SIFANIYA

Jawabin Ƙungiyar Mawaƙa a Daren Waƙoƙi na Bikin Cika Shekara Hamsin

 

Sa'ad da kwamitin shirye-shirye ya ce a ba ƙungiyar mawaƙa 'yan mintoci ta yi magana kafin a soma waƙoƙi, mun zauna mun yi shawara a kan abin da za mu faɗa. Tarihin ikkilisiya an riga an rubuta shi a waɗansu shafuffukan wannan littafi, waɗanda suka fi mu saninsa ne kuma suka rubuta. Saboda haka muka ga ya fi kyau mu tsaya a kan aikinmu, watau kiɗa da waƙa. Tun da yake jawabin namu shi ne zai buɗe daren, za mu yi magana a kan kiɗan da ake buɗe wasa da shi a ƙasashen Turai, da yadda muryoyin wata ƙasa guda, Sifaniya, suka shiga cikinsa. Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna da wannan ƙasa, gama ita ce Manzo Bulus ya gaya wa Romawa, cikin sura 15, cewa yana da niyyar zuwa. Labarin na nesa ne, amma in kun yi haƙuri da mu har ƙarshe, za ku ga inda ya taɓa mu.

MENE NE KIƊAN SHARE FAGE?

Turawa suna da wata babbar ƙungiyar makaɗa da suke kira okestira. A cikinta akan sami mutum 60 har zuwa 100, an kasa su gida huɗu. Akwai masu goge, manya da ƙanana, su ne suka fi yawa. Akwai masu busa sarewa da dangoginta, ɗaya daga ciki ma muryarta kamar ta algaita. Akwai masu ƙahonin tagulla, sa'an nan masu ganguna. Kowane makaɗi yana da takarda a gabansa inda aka rubuta masa nasa rabon, mutum ɗaya kuma yana tsaye a gaba da 'yar sanda yana bi da su, kamar yadda mai koyar da waƙa yake yi mana.

Wajen shekara ta 1600 mutanen Italiya suka soma wani irin wasan kwaikwayo wanda ake rera maganarsa duka da waƙa, suka kira shi opera. Kafin a ɗaga labule dole a sami abin da zai sa mutane su bar hira su zauna. A 1607, da Monteverdi ya shirya wasansa mai suna Orfeo a garin Mantuwa, sai ya sa aka busa ƙahoni na ɗan lokaci, aka maimaita sau uku. Aikin wannan busa bai bambanta da na kakaki a ƙofar fada ba: a sanar da jama'a cewa abu ya zo. Wannan shi ne muke kira kiɗan share fage.

Da tafiya ta yi tafiya, sai kiɗan ya sami tsari. A Faransa, a fadar Sarki Luwi na 14, wani mai suna Lully ya kafa nasa salon: a fara a hankali da nauyi, kamar takun sarki, sa'an nan a shiga sauri, muryoyi suna bin juna. Mutanen Italiya kuwa suka fi son kashi uku: sauri, sanyi, sauri. Da yawa a cikinmu mun taɓa jin salon Faransa ba tare da mun san sunansa ba. Babban aikin nan na Handel mai suna Messiah, wanda aka fara yi a Dablin a 1742, wanda kuma a cikinsa ne waƙar Halleluya take, da irin wannan kiɗa yake buɗewa kafin wani mawaƙi ya buɗe baki.

A 1769 wani mai tsara kiɗa, Gluck, ya rubuta cewa bai kamata kiɗan share fage ya zama na kashe surutu kawai ba, ya kamata ya shirya zukatan masu sauraro domin irin labarin da ke zuwa. Mu ma mukan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Mozart ya bi wannan hanya a 1787 cikin Don Giovanni: sautin ban tsoro da ake fara ji, shi ne zai komo a ƙarshen wasan sa'ad da hukunci ya zo wa mugun mutumin nan.

Daga baya kiɗan share fage ya bar bakin ƙofa ya tsaya da ƙafarsa. A 1826 Mendelssohn, yana ɗan shekara 17, ya rubuta wanda ba ya jiran a ɗaga wani labule. Bayan ya ziyarci tsibiran Sikotilan a 1829 kuma, ya rubuta wani wanda ke kwatanta teku da kogon dutse. Daga nan masu tsara kiɗa suka gane cewa cikin minti goma suna iya zana wa kunne hoton ƙasa guda. Ƙasar da suka fi sha'awar zanawa kuwa ita ce Sifaniya.

SIFANIYA A SUNA KAWAI

Tun kafin wannan lokaci sunan Sifaniya ya cika gidajen opera. Labarin Auren Figaro na Mozart, na 1786, a kusa da birnin Sebil yake faruwa. Don Giovanni ma labarin Sifaniya ne. Fidelio na Beethoven, na 1805, a wani kurkuku kusa da Sebil yake. Wanzamin Sebil na Rossini, na 1816, sunansa ma ya faɗa. Amma Mozart da Beethoven ba su taɓa taka ƙasar ba, Rossini kuma sai shekaru da yawa bayan wasan nasa ya je.

Abin dariya shi ne, kiɗan share fagen Wanzamin Sebil, wanda duniya ta sani ƙwarai, ba domin Sebil aka rubuta shi ba. Rossini ya fara amfani da shi a 1813 cikin wani wasa a kan sarkin Roma a ƙasar Suriya. A 1815 ya sāke ɗora shi a kan wani wasa game da Sarauniya Elizabet ta Ingila. A 1816 sai ga shi a ƙofar wanzami. Riga ɗaya, mutum uku suka sa. Kiɗa ne mai daɗi, ba musu, amma na Italiya ne tun daga kai har ƙafa.

Beethoven ya ɗan matso kusa a 1810 cikin Egmont. Labarin wani basarake ne na ƙasar Filandas wanda masu mulkin Sifaniya suka fille wa kai a 1568. Kiɗan yana farawa da taku mai nauyi irin na wata tsohuwar rawa mai suna sarabanda, masana da yawa kuma suna cewa nauyin mulkin Sifaniya ne ake ji a nan. Duk da haka, Sifaniyar da ke ciki ta littafin tarihi ce. Har zuwa lokacin, muryar manomi da mai alfadari da mace mai rawa a dandali ba ta sami kujera a okestira ba.

ABIN DA YA SA KIƊAN SIFANIYA YA FITA DABAM

Sifaniya mahaɗar hanyoyi ce. Ikkilisiya tana da nata tsoffin waƙoƙi a can tun ƙarnonin farko. Daga shekara ta 711 zuwa 1492 Musulmi sun yi mulki a sassan ƙasar, wadda suka kira Andalus. A 822 wani shahararren makaɗi daga Bagadaza mai suna Ziryab ya sauka a Kurɗuba ya koyar da kiɗa. Molon Larabawa da ake kira udu ya shiga Turai, har sunansa ya zauna a harsunansu. Yahudawa sun daɗe a ƙasar kafin a kore su a 1492. Mutanen da ake kira Gitano, waɗanda asalinsu daga Indiya ne, sun iso wajen 1425. Bayan haka jiragen ruwa suka riƙa komowa daga nahiyar Amurka da sababbin raye-raye. Sarabandar nan da muka ambata, da fari rawa ce mai zafi, har aka hana ta a Sifaniya a 1583 domin an ce ba ta da kunya. Sai da ta je fadar Faransa ta yi sanyi, har su Bach da Handel suka riƙa rubuta ta.

Daga wannan gauraye aka sami kiɗa mai alamomi da kunne yake ganewa nan da nan. Akwai gita. Akwai tafi da buga ƙafa. Akwai 'yan katako biyu da ake kaɗawa a tafin hannu, ana ce da su kastanet. Yawancin raye-rayen bugu uku-uku ne. A kudu kuwa mawaƙi yakan riƙe gaɓa ɗaya ya yi ta karya murya a kanta kafin ya sauko. Kowane yanki da tasa rawa: Aragon tana da hota, La Manca tana da segidiya, Malaga tana da malagenya. Masu wannan kiɗa yawancinsu ba su san rubutun kiɗa ba. Daga baki zuwa kunne suke gadonsa.

MUTUMIN DA YA TAFI DA ƘAFARSA

Yanzu mun zo ga mutumin da muke so ku riƙe sunansa, Mikhail Glinka, ɗan ƙasar Rasha, wanda aka haifa a 1804. A zamaninsa manyan mutanen Rasha kiɗan Italiya suke so, waƙar ƙauye kuwa suna ganinta abin bayi da talakawa. Glinka ya rubuta opera biyu da harshen Rasha. Ta farko, a 1836, ta sami karɓuwa. Ta biyu, a 1842, mutane suka karɓe ta da sanyin jiki. Ga kuma aurensa ya lalace. A 1844 ya bar gida da baƙin ciki ya tafi Faris.

A Faris ya sadu da Berlioz, gwanin sarrafa okestira, ya ji yadda ake ba kowane kayan kiɗa launinsa. Sai ya ƙudura zai rubuta gajerun kaɗe-kaɗe waɗanda gwanaye za su yaba, talaka kuma ya ji daɗi. Amma ina zai sami muryoyin? Ya zauna ya koyi Sifaniyanci tukuna, sa'an nan a 1845 ya haye duwatsu ya shiga Sifaniya. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike.

Ya yi damina ta Turai, watau lokacin zafinsu, a garin Bayadolid, a gidan mutanen gari. Da yamma maƙwabta sukan taru su yi waƙa da rawa. A cikinsu akwai wani saurayi, ɗan wani ɗan kasuwa, mai suna Félix Castilla, wanda ya iya gita. Shi ne ya kaɗa wa baƙon rawar hota ta Aragon, yana juya ta iri-iri. Glinka ya riƙe ta a ka. Da ya isa Madrid a ƙarshen wannan shekara sai ya mai da ita kiɗan okestira. Wannan shi ne ake kira Jota aragonesa, Kiɗan Share Fage na Sifaniya na Farko.

Ga yadda yake tafiya, domin za mu sa muku shi a na'ura da mun gama. Da fari za ku ji ƙahoni da taku mai nauyi, kamar ana buɗe ƙofar gari. Sa'an nan sai wuri ya yi tsit, masu goge su ajiye bakansu su riƙa tsinkar tsirkiya da yatsa, domin su kwaikwayi gitar saurayin nan. Muryar rawar ta shigo, 'yar gajeruwa. Daga nan sai ta riƙa yawo daga hannu zuwa hannu, yau ga masu busa, gobe ga masu goge, kastanet na biye, har okestira duka ta ɗauka. Ku lura da abu ɗaya: muryar ba ta ɓace ba. Duk inda ta shiga za ku gane ta.

Glinka bai tsaya nan ba. Ya gangara kudu zuwa Garanada, inda ya sadu da wani makaɗin gita, Francisco Rodríguez, wanda ake yi wa laƙabi da Murciano. Ya yi ta zama a gabansa sa'o'i da takarda a hannu yana so ya rubuta abin da yake ji, amma abin ya ba shi wuya ƙwarai, gama duk sa'ad da mutumin ya maimaita, sai ya sāke juya ta wata hanya. Wanda ya taɓa cewa mai goge ko mai garaya ya maimaita masa abin da ya kaɗa ɗazu daidai, ya san wannan wahala. Har rawa Glinka ya koya. Shi da kansa ya ba da labari cewa ƙafafunsa sun bi, amma kastanet ta gagare shi. A Madrid kuma yakan kira wani mai korar alfadarai ya rera masa waƙoƙin segidiya, shi yana rubutawa. Ku duba: mutumin da aka yi wasansa a gaban sarkin Rasha, ga shi zaune a matsayin almajiri a gaban mai alfadari.

Shekara biyu ya yi a Sifaniya. Ya bar ta a 1847. A 1848, yana zaune a Warso, ya haɗa muryoyi huɗu na Sifaniya, har da biyu na mai alfadarin nan, ya yi wani kiɗa. A 1851 ya gyara shi ya zama Kiɗan Share Fage na Sifaniya na Biyu, wanda ake kira Tunawa da Daren Zafi a Madrid.

To, ga inda labarin yake da daɗi. A wannan shekara ta 1848, a wannan gari na Warso, Glinka ya juya ga waƙoƙin ƙauyen da aka haife shi. Ya ɗauki biyu, ɗaya waƙar biki, ɗaya kuma 'yar gajeruwar muryar rawa, ya yi musu abin da ya ga ana yi a Sifaniya. Ya bar muryar yadda take, tana ta maimaituwa sau gommai, shi kuwa yana sāke mata tufafi: ya canza kayan kiɗan da ke ɗauke da ita, ya canza sautin da ke ƙarƙashinta, ya sa wata murya ta ratsa ta. Sunan wannan kiɗa Kamarinskaya. A 1888 Tchaikovsky, wanda ya fi kowane mai tsara kiɗa na Rasha suna, ya rubuta cewa dukan kiɗan okestira na ƙasarsu yana cikin wannan ɗan aiki, kamar yadda babbar itaciya take cikin ƙwayar irinta. Glinka ya tafi neman muryar baƙi, ya komo da mabuɗin ta gidansu. Ya rasu a Balin a 1857.

WAƊANDA SUKA BIYO BAYA

Bayan Glinka ƙofa ta buɗe. Shi da kansa ya ba wani saurayi, Balakirev, waɗansu muryoyin da ya kawo, wannan kuma ya yi nasa kiɗan share fage a kan takun Sifaniya a 1857. Almajirin Balakirev, Rimsky-Korsakov, ya rubuta Capriccio espagnol a 1887. Muryoyinsa daga wani littafin waƙoƙin gargajiya ya samo su, wanda wani Basifaniye, José Inzenga, ya tattara. Ya ba kusan kowane kayan kiɗa fili ya nuna gwanintarsa. Makaɗan suka ji daɗi har suka riƙa tafa masa a wurin gwaji, shi kuma ya sadaukar musu da aikin, ya sa aka buga sunayensu a jikin takardar.

A Faransa, Chabrier da matarsa sun yi watanni suna zagaya Sifaniya a 1882, yana rubuta bugun rawa duk inda ya ji. A 1883 ya fitar da España, wanda ya haɗa hota da malagenya. Ravel, wanda mahaifiyarsa 'yar ƙabilar Baski ce, an kuma haife shi a bakin iyakar Sifaniya a 1875, ya sha waƙoƙin tun a goye. Shi ne ya rubuta Boléro a 1928, inda murya take ta maimaituwa kamar minti goma sha biyar, ƙaramar ganga ba ta fasa bugunta ba, sauti yana ƙaruwa har ƙarshe.

Sai labarin Bizet, wanda akwai gargaɗi a ciki. Bizet bai taɓa zuwa Sifaniya ba, amma opera tasa, Carmen, wadda aka fara yi a Faris ran 3 ga Maris 1875, ita ce yawancin mutane suke tunawa in an ce kiɗan Sifaniya. Kiɗan share fagenta yana farawa da murna irin ta filin wasa da bijimai, sa'an nan farat ɗaya ya juya zuwa wata murya mai duhu wadda ke nuna mutuwar da ke jiran Carmen. Waƙar da ta fi suna a wasan ita ce habanera. Bizet ya ɗauke ta yana tsammani waƙar gargajiya ce marar mai ita. Ashe tana da mai ita, wani Basifaniye mai suna Sebastián Iradier, wanda ya rasu a 1865. Da Bizet ya gane, sai ya sa aka rubuta a takardar kiɗan inda ya samo ta. Har wa yau, bugun habanera kansa daga birnin Habana na ƙasar Kuba ya zo, inda Iradier ya taɓa zuwa, kuma 'yan Afirka da aka kai can bauta suna da hannu a cikinsa. Bizet ya rasu wata uku bayan an fara wasan, yana da shekara 36, bai ga irin sunan da aikinsa ya yi ba.

MASU GIDA SUN FARKA

Duk wannan lokaci, baƙi ne suke zana Sifaniya. Wani malami, Felipe Pedrell, ya ga cewa abin kunya ne. Ya koya wa almajiransa cewa kiɗan ƙasa a kan abu biyu zai tsaya: waƙoƙin talakawanta da ayyukan magabatanta. Shi ne ya tattara ya buga dukan ayyukan Tomás Luis de Victoria, firist ɗin nan na garin Abila da ya rasu a 1611, wanda bai rubuta kome ba sai waƙoƙin sujada. Daga hannun Pedrell aka sami Albéniz, da Granados, da Manuel de Falla.

Falla, wanda aka haifa a Kadis a 1876, ya zauna a Faris daga 1907 zuwa 1914, ya koyi dabarun okestira a wurin abokansa Faransawa, ya komo gida ya yi ayyuka irin su El amor brujo a 1915. Amma wani abu yana damunsa. Tsohuwar waƙar Andalus mai zurfi, wadda ake kira kante hondo, tana mutuwa. Gidajen shaƙatawa sun sauƙaƙa ta domin masu biyan kuɗi, tsofaffin da suka san ta ta asali kuwa suna ƙarewa. Saboda haka a watan Yuni 1922, shi da marubuci García Lorca da waɗansu abokai suka shirya gasa a harabar tsohuwar fadar Alhambara a Garanada, suka ce ta waɗanda ba sana'arsu ba ce. Wanda ya ba kowa mamaki wani tsoho ne, Diego Bermúdez, mai shekara 70 da ɗoriya, wanda duniya ta manta da shi, amma tsoffin muryoyin suna nan a bakinsa. An kuma ba wani yaro ɗan shekara 12 kyauta, wanda daga baya ya shahara da sunan Manolo Caracol. Tsoho da yaro a dandali ɗaya. Da an jinkirta 'yan shekaru kaɗan, da tsohon ya tafi da kayansa.

INDA LABARIN YA TAƁA MU

'Yan'uwa, ba mu kawo wannan labari domin mu ce a sayo mana goge 40 ba. Dabarar ba ta Turawa kaɗai ba ce. Ɗan ƙasarmu Fela Sowande, wanda aka haifa a 1905, ya yi shekaru yana buga ogan a wata majami'a a Landan, ya kuma ɗauki muryoyin Afirka ta Yamma ya ɗora su a kan gogunan okestira cikin aikinsa African Suite. Abu uku muke so mu ɗauka.

Na ɗaya, wanda yake son murya ya je wurin mai ita. Rossini ya ari suna, Glinka kuwa ya je ya zauna. A cikin wannan ikkilisiya akwai waƙoƙin da ba sa cikin littafin waƙoƙi. Iyayenmu mata ne suka ɗauko muryoyinsu daga wurin niƙa da daka da gona, suka sa musu sababbin kalmomi, suka raka su da tulu da caki. Dole mu faɗi laifinmu a nan. Da muke shirin wannan biki mun so mu rera wata tsohuwar waƙa da ake buɗe taron mata da ita a dā. Mun sami amshi da baiti biyu. Na uku babu wanda ya tuna, gama uwar da take jan waƙar ta riga mu gidan gaskiya. Shekaru muna zaune da ita a majami'a ɗaya, ba wanda ya je da takarda.

Na biyu, a faɗi mai abu. Yawancin waƙoƙin da muke cewa na gargajiya, wani ne ya fara su, yana da suna, yana da gari. Bizet ya gyara kuskurensa da ya gane. Mu ma, in mun rubuta waƙa, mu rubuta wanda ya koya mana da inda shi ya samo ta.

Na uku, a bar murya yadda take, a yi mata ado. Matasanmu masu gita da piyano, muna murna da ku, ba kuma wanda zai ce ku ajiye kayanku. Amma in tsohuwar waƙa ba ta shiga bugun da na'ura ta ba ku ba, kada ku karya waƙar domin na'ura. Ku yi yadda Glinka ya yi: ku sāke abin da ke kewaye da ita, ita kuwa ku bar ta a gane ta.

Saboda haka ga alkawarin da ƙungiyar mawaƙa take yi a gabanku. Kafin shekarar jubili ta ƙare, kowane ɗayanmu zai ziyarci tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya na wannan ikkilisiya, ya ɗauki waƙoƙinsu a waya, ya rubuta kalmomin, da sunan mai waƙar, da harshen da aka fara yin ta. Za mu tara su wuri ɗaya mu danƙa wa dattawa. Iyayenmu, in mun yi sallama a ƙofarku, ku yi haƙuri da mu, ko da mun ce ku maimaita sau goma. Iyaye masu yara kuma, ku bar mu mu tafi da su, domin su ji da kunnensu.

Jawabinmu share fage ne kawai, waƙoƙin suna gaba. Yanzu za mu sa muku Jota aragonesa, tsawonsa kamar minti tara. Ku kasa kunne ga wurin da masu goge suke tsinkar tsirkiya, ku tuna da saurayin nan mai gita a Bayadolid. Da ya ƙare, iyayenmu na zumuntar mata za su tashi da tasu.